Bam Ba Ya Gama Kisa Ranar Da Ya Fashe

A watan Nuwamban 2021, Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙiyasin rayukan da yaƙin Yaman ya lashe. Ta ce kafin shekarar ta ƙare adadin zai kai mutum 377,000. Yawan kaɗai ya isa ya girgiza duk mai imani, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka kasa mamatan. Kusan kashi 60 cikin 100 harsashi bai taɓa su ba, gini bai rufta musu ba. Yunwa ce ta kashe su, da cuta, da gurɓataccen ruwa, da rashin asibitin da za a garzaya da su. Mafi yawansu kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Waɗannan su ne mamatan da ba a jin su a rediyo. Idan jirgin yaƙi ya saki bam a kasuwa, 'yan jarida za su hallara, a ƙirga gawa, a ɗauki hoto, kakakin soja ya fito ya yi bayani. Idan ya sake shi a kan tashar ruwa, ko gada, ko ma'ajiyar mai, sai a ce abin ya zo da sauƙi tunda ba a rasa rai ba. Bayan wata uku wani yaro ya kamu da amai da gudawa a ƙauye mai nisa da inda bam ɗin ya faɗa, ya cika a bayan uwarsa a kan hanyar asibiti, kuma babu mai jingina mutuwarsa ga wanda ya saki bam. Ni a ganina wannan yaro yana cikin lissafin. Duk hukuncin kotu, ko fatawa, ko sharhin jarida da ya bar shi a waje, bai faɗi gaskiyar abin da luguden wuta ta sama yake haifarwa ba.

Yaman ce ƙasar da ta fi nuna wannan ƙarara a zamaninmu. A watan Satumban 2014 'yan tawayen Huthi suka karɓe San'a, babban birnin ƙasar. Ranar 26 ga Maris 2015, ƙawancen ƙasashe da Saudiyya ke jagoranta, tare da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a sahun gaba, ya fara kai hare-hare ta sama da nufin mayar da gwamnatin Abdurabbu Mansur Hadi kan mulki. An zaci abin na 'yan makonni ne. Sai da aka shekara 7 ana yi kafin a tsagaita wuta a watan Afrilun 2022. Masu bin diddigin hare-haren sun ƙirga sama da 25,000, kuma kusan farar hula 9,000 ne suka mutu nan take a cikinsu. A ɗora wannan adadi kusa da na Majalisar Ɗinkin Duniya, za a ga girman tazarar da ke tsakanin waɗanda suka mutu ranar harin da waɗanda suka bi su daga baya.

Domin a gane inda tazarar ta fito, sai an san yadda mutumin Yaman yake samun abincinsa da ruwansa. Ƙasar na shigo da kusan kashi 90 cikin 100 na hatsin da take ci daga waje, kuma kaso mafi tsoka, wajen kashi 70 cikin 100 na kayan da ke shigowa, ta tashar jiragen ruwa ta Hudaida yake bi, a gaɓar Bahar Maliya. A watan Agustan 2015 jiragen ƙawancen suka ragargaza manyan ƙugiyoyin da ke sauke kwantena daga jiragen ruwa a wannan tasha. Ƙugiya ƙarfe ce, ba ta da rai, babu wanda ya yi mata jana'iza. Amma daga wannan rana jirgin da a da ake sauke shi cikin 'yan kwanaki ya koma yin dogon jira a teku, kuɗin dako ya tashi, buhun alkama ya yi tsada a Hajja da Sa'ada da Ibb, maigida ya rage awo, uwa ta rage abin da take ci don yara su samu. Hukumar Abinci ta Duniya ta sayi ƙananan ƙugiyoyi 4 masu tafiya a kan taya da kuɗin Amurka don cike giɓin. A farkon 2017 aka hana jirgin da ya ɗauko su shiga, ya juya da su. Ba su isa Hudaida ba sai a watan Janairun 2018. Ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta cewa tsakanin Afrilun 2015 da Oktoban 2018 yara 'yan ƙasa da shekara 5 da yunwa ta kashe za su iya kai 85,000.

Maganar ruwa ta fi wannan tsanani. Yaman ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana rani da damina. San'a birni ne a kan tsauni, ruwansa daga rijiyoyin burtsatse masu zurfin gaske ake zuƙo shi, kuma ba ya hawowa sai da inji. Inji kuwa sai da lantarki ko man dizal. Wutar gwamnati ta ɗauke a San'a tun 2015 bayan faɗa ya katse layukan da ke kawo ta daga Ma'arib. Saura dizal, shi kuma ta Hudaida yake shigowa, inda hare-hare da takunkumin teku suka shaƙe shi. Da mai ya yanke, famfo ya ƙafe, injinan tace ƙazantar gari suka tsaya, ruwan masai ya malala cikin kwata da gonaki, talaka ya koma sayen ruwan tanka da bai san asalinsa ba. Ma'aikatan lafiya da masu kwashe shara suka daina samun albashi tun ƙarshen 2016, bayan an mayar da babban bankin ƙasar Adan. A kan wannan shimfiɗa kwalara ta sauka. Ta ɓulla a watan Oktoban 2016, ta dawo da ƙarfi a Afrilun 2017, kuma kafin ƙarshen Disamban wannan shekara waɗanda ake zaton sun kamu sun haura miliyan 1, sama da 2,000 sun rasu. Duniya ba ta ga ɓarkewar kwalara mai saurin yaɗuwa irin wannan ba tun da aka fara adana irin wannan lissafi.

Kada a ɗauka duk tsautsayi ne na nesa. An kai wa wuraren ruwan kansu hari. A watan Yulin 2018 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanar da cewa an bugi wata babbar tashar ruwa a yankin Nushur da ke lardin Sa'ada, karo na uku ke nan, mutum 10,500 suka rasa ruwan sha. Wata guda kafin nan, bam ya rushe sabuwar cibiyar jinyar kwalara da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gina a garin Abs. Babu kowa a ciki lokacin da ya faɗa, don haka a takarda babu mamaci. Amma gadajen da aka tanada don masu amai da gudawa sun tafi, a ƙasar da cutar ke kashe mutum cikin sa'o'i idan bai samu ƙarin ruwa ba.

A wannan gari na Abs ne, ranar 15 ga Agustan 2016, bam ya faɗa harabar asibitin da MSF ke tallafa wa, ya kashe mutum 19. Ƙungiyar ta ce ta sha bai wa ƙawancen bayanin ainihin inda asibitin yake. Bayan kwana kaɗan ta janye ma'aikatanta daga asibitoci 6 a lardunan Sa'ada da Hajja, domin ba za ta iya lamunce musu rayukansu ba. To, a nan wa zai ƙirga mai naƙuda da jini ya ɓalle mata ba likita a kusa? Wa zai ƙirga mai ciwon ƙoda da ya rasa wanki, ko bakwainin da ba a samu kwalbar sa shi ba, ko allurar rigakafin da ta lalace don firji ya mutu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shekaru tana nanata cewa kusan rabin cibiyoyin lafiyar Yaman ne kawai ke aiki yadda ya kamata. Filin jirgin saman San'a kuma an rufe shi ga jiragen fasinja daga Agustan 2016 har Mayun 2022, majinyatan da a da ake fita da su Masar ko Jodan ko Indiya suka zauna jiran ajali a gida.

Ban kawo wannan don rage nauyin waɗanda bam ya kashe ido da ido ba. Su ma sunayen wurarensu sun cancanci a riƙa ambata. Ranar 15 ga Maris 2016 aka bugi kasuwar Mastaba a lardin Hajja da rana tsaka, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla farar hula 97, cikinsu yara 25. Ranar 8 ga Oktoban 2016 aka bugi babban zauren taro a San'a inda jama'a suka cika don ta'aziyyar mahaifin wani minista, mutum kusan 140 suka mutu, sama da 500 suka jikkata. Bam na biyu ya sauka ne bayan 'yan mintoci, lokacin da mutane suka ruga ceton na farko. Ranar 9 ga Agustan 2018 aka bugi motar bas a kasuwar Dahyan ta lardin Sa'ada, ɗauke da yara maza da suka fita yawon buɗe ido bayan kammala karatun hutu. Yara 40 suka mutu. Da farko ƙawancen ya ce harin halastacce ne na soja. Bayan mako uku ya dawo ya ce an yi kuskure.

Kalmar kuskure ita ce mafakar kowace rundunar sama a duniya, kuma ba na musun cewa ana yin sa. Matuƙin jirgi mutum ne, bayanan leƙen asiri suna iya zama gurgu. Sai dai kuskuren da aka maimaita a kasuwa, aka maimaita a gidan biki, aka maimaita a zaman makoki, aka maimaita a asibiti, shekara da shekaru, ba tare da an ga wani kwamanda ya rasa muƙaminsa a bainar jama'a ba, ya tashi daga tsautsayi ya zama ɗabi'a. Rundunar da ta san babu mai tuhumarta ba ta da dalilin ɓata minti goma don sake duba abin da ke ƙasa kafin ta danna.

Hujjar da ake kawowa game da tashoshin ruwa da gadoji da ma'ajiyar mai ta fi ta kuskure ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta da kyau. Masu kai harin suna cewa abokin gaba ma yana amfani da waɗannan abubuwa. Gadar da motar alkama ke bi, ita motar makamai ke bi. Man da ke tayar da injin rijiya, shi ke tayar da motar mayaƙa. 'Yan Huthi sun samu kuɗin shiga mai yawa daga harajin tashar Hudaida, kuma ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun tabbatar da cewa makamai ƙirar Iran sun isa hannunsu. Duk wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa 'yan Huthi ba su da hannu mai tsabta: sun yi wa birnin Ta'iz ƙawanya na shekaru suna harba rokoki cikin unguwanni, sun binne nakiyoyi a gonaki da hanyoyi, sun sa yara a fagen daga, sun karkatar da kayan agaji, sun harba makamai masu linzami kan filin jirgin saman Abha da biranen Saudiyya, sun kashe ma'aikata 3 a Abu Dhabi a Janairun 2022. Wanda ya yi shiru kan waɗannan don yana son su, shi ma ya ci amanar mamatan.

Amma laifin wani ba ya halasta wa wani jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Dokar yaƙi ta duniya ta san da abubuwan da soja da farar hula ke tarayya a kansu, shi ya sa ta ɗora ma'auni: kafin a kai hari, dole kwamanda ya auna ribar sojan da yake sa ran samu da cutar da ake tsammanin za ta sami farar hula, idan cutar ta wuce kima ya fasa. Ƙarin yarjejeniyar Janiba na farko, na shekarar 1977, ya fito fili a sashe na 54 ya haramta lalata abubuwan da jama'a ba za su rayu ba sai da su, ya ambaci abinci da gonaki da dabbobi da wuraren ruwan sha da na ban ruwa. Ƙari na biyu ya maimaita haka a sashe na 14 don yaƙin cikin gida. Saudiyya da Daular Larabawa da Yaman duk sun amince da waɗannan takardu, haka ma Nijeriya.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake sa wa a kan ma'aunin. Al'adar rundunoni ita ce su ƙirga waɗanda ke cikin da'irar fashewar bam kawai, mutum nawa ke cikin ginin, mutum nawa ke kan titi a wannan sa'a. Abin da zai biyo baya a wata shida sai a ce gaibu ne, ba a iya hasashensa. Wannan magana ba ta da tushe. Duk injiniyan hukumar ruwa ya san cewa idan wuta ta ɗauke, famfo zai tsaya. Duk malamin asibiti ya san abin da ke biyo bayan tsayawar famfo a gari mai cunkoso. Hafsoshin da ke iya lissafa lita nawa na mai za su hana abokin gaba idan suka ƙona ma'ajiya, suna iya lissafa rijiya nawa za ta tsaya. Sun zaɓi su yi lissafi na farko su bar na biyu ne kawai. Abin da aka san zai faru kuma aka ci gaba, ba a kiransa abin da ba a yi tsammani ba.

Bayan haka, me aka samu? Shekara 7 na ruwan bama-bamai, kuma ranar da aka tsagaita wuta 'yan Huthi na riƙe da San'a, suna riƙe da Hudaida, makamansu sun fi na farkon yaƙi nisan zango. Mayaƙi ne na ƙarshe da ke rasa mai da abinci a ƙasar da ake yaƙi, domin bindiga na hannunsa. Wanda ke fara rasawa shi ne mai kayan miya, da malamin makaranta, da bazawara mai marayu. Duk da haka darasin bai shiga ba. Ranar 20 ga Yulin 2024 Isra'ila ta ƙona tankokin mai ta kuma lalata ƙugiyoyi a wannan tasha ta Hudaida, bayan jirgi maras matuƙi na 'yan Huthi ya faɗa Tel Abib. A watan Afrilun 2025 Amurka ta bugi tashar mai ta Ras Isa, hukumomin lafiya na yankin suka ce mutum kusan 80 sun mutu. A ƙarshen wannan wata wani harin na Amurka ya faɗa wurin da ake tsare da baƙin haure 'yan Afirka a Sa'ada, aka ba da rahoton mutuwar 68. Masu jefawa sun sauya, waɗanda ake jefa wa su ne dai na jiya.

Alhaki bai tsaya kan matuƙi da kwamandansa ba. Ɓaraguzan bam ɗin da ya kashe yaran Dahyan sun nuna ƙirar Amurka ne, na kamfanin Lockheed Martin. Jiragen Amurka sun riƙa zuba wa jiragen ƙawancen mai a sararin sama har zuwa Nuwamban 2018. A Birtaniya, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a watan Yunin 2019 cewa gwamnati ta saɓa doka wajen ba da lasisin sayar wa Saudiyya makamai ba tare da ta duba take haƙƙin farar hula da aka yi a baya ba. Bayan shekara guda gwamnatin ta ce ta duba, ta ci gaba da ciniki. A watan Oktoban 2021 kuma Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙi sabunta wa'adin ƙwararrun da ke binciken laifukan kowane ɓangare a Yaman, da ƙuri'a 21 a kan 18. Wata uku bayan rufe wannan ido, a Janairun 2022, aka bugi gidan yari a Sa'ada, mutum kusan 90 suka mutu, aka kuma bugi ginin sadarwa a Hudaida, intanet ya ɗauke a kusan duk ƙasar na kwana 4.

Mu Musulmin ƙasar Hausa muna da dalilin da ya sa bai kamata mu jira Janiba ta koya mana wannan ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu, akwai wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da yake raka rundunar da ya tura Sham. Ya hana kashe mace da yaro da tsoho. Bai tsaya nan ba, ya hana sare itace mai 'ya'ya, ya hana rushe wurin da mutane ke zaune, ya hana yanka tumaki da raƙuma sai don ci. Halifa na farko ya haɗa ran mutum da abin da ran ke dogaro da shi a wasiyya ɗaya. Itacen dabino da garken tumaki su ne rayuwar mutanen wancan zamani, tashar ruwa da layin wuta da gada su ne na yau, kuma hukuncin bai tsufa ba.

Shi ya sa shirun da aka yi kan Yaman a ƙasar Hausa ya dame ni. Mun iya fitowa mu yi alƙunutu, mu yi huɗuba, mu tara gudummawa idan wanda ya saki bam baƙo ne gare mu, kuma hakan daidai ne. Da ya zamana Musulmi ne ke jefawa, Musulmi ke mutuwa, sai muhawarar ta koma ta aƙida: wannan na bayan Riyad, wancan na bayan Tehran, kowa na ƙirga gawar da ta dace da ɓangarensa yana tsallake saura. Yaron da kwalara ta tsotse a Hajja ba a tambaye shi mazhabarsa ba. Son da muke yi wa ƙasa mai tsarki saboda Makka da Madina haƙƙi ne, amma bai zama takardar wanke duk abin da wata gwamnati ta aikata ba. Haka ma ƙin zaluncin Amurka da Isra'ila ba ya wanke wanda ya binne nakiya a hanyar masu ɗebo ruwa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A Sudan, inda Hausawa ke zaune tun kaka da kakanni daga Mai Wurno zuwa Kasala da Gadarif, an ga irin wannan sarƙa a watan Fabrairun 2025. Aka bugi tashar lantarki da ke kusa da Rabak a jihar Farin Nilu, matatar ruwan birnin Kosti ta tsaya, jama'a suka koma sayen ruwan kogi daga masu amalanken jaki, cikin 'yan kwanaki asibiti ya cika maƙil da masu kwalara, dubbai suka kamu, gommai suka mutu. Mutanen Maiduguri ma sun ɗanɗana wani abu mai kama da haka a 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya yi watanni cikin duhu, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka rasa sana'a, kuɗin ruwa ya tashi.

Ta fuskar bam daga sama kuwa, namu raunin bai warke ba. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan saman Nijeriya ya bugi sansanin 'yan gudun hijira a Rann, ƙaramar hukumar Kala Balge ta jihar Borno, sama da mutum 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Bayanin da aka bayar daga baya shi ne sansanin bai fito a taswirar da sojoji ke aiki da ita ba. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya bugi masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne 85, mutanen gari suka ce bam na biyu ya sauka ne a kan masu kwasar gawa. Sojojinmu suna fuskantar maƙiya marasa tausayi a Sambisa da dazukan Zamfara da Katsina, kuma jama'ar da 'yan bindiga suka hana noma suna roƙon a kawo musu jirgi. Wannan buƙata ta gaskiya ce. Ita ce ma dalilin da ya sa dole a yi aikin da tsantseni, domin ƙauyen da jirgin gwamnati ya kashe wa 'ya'ya ba zai sake kai wa gwamnati rahoton maɓoyar ɓarayi ba.

A watan Nuwamban 2022 ƙasashe 83 suka hallara a Dublin suka amince da wata sanarwa kan amfani da manyan abubuwan fashewa a wuraren da jama'a ke zaune. Muhimmancinta shi ne ta ambaci illolin da ke biyo baya a fili, ta ce rundunoni su riƙa sa su a lissafi tun lokacin tsara hari. Ba doka ce mai tilastawa ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu su ne manyan dillalan makamai. Duk da haka ta kafa hujja: babu mai iya cewa yau bai san famfo na bin wuta ba.

Abin da nake kira gare shi a gida bai fi ƙarfinmu ba. Rundunar sojan sama da ta ƙasa su riƙe cikakken jerin wuraren da ba a taɓawa, asibitoci da makarantu da kasuwanni da rijiyoyi da sansanonin 'yan gudun hijira, su riƙa sabunta shi tare da masu unguwanni da dagatai, waɗanda suka san ranar kasuwa da daren Mauludi da lokacin da makiyaya ke sauka. Duk harin da ya taɓa farar hula a bincike shi da hannun waɗanda ba sa ƙarƙashin kwamandan da ya ba da umarni, a buga sakamakon kowa ya karanta. A sanar da Tudun Biri da sauran 'yan ƙasa yadda shari'ar hafsoshi 2 da soja ya ce a 2024 zai gurfanar ta kaya. Diyya ta zama haƙƙi da doka ta tsara, ba kyautar da ake kaiwa ranar ziyarar jaje ba, kuma ta haɗa da gyaran rijiyar da aka fasa da ɗakin shan maganin da aka rushe. 'Yan majalisar da ke amincewa da kuɗin sayen jirage su riƙa tambayar nawa aka ware don horar da masu tantance abin da ke ƙasa.

Mu 'yan jarida da malamai da masu huɗuba kuma, namu aikin shi ne mu daina rufe labari ranar da aka yi jana'iza. A koma garin bayan wata shida, a tambayi ungozoma mata nawa ta rasa, a tambayi mai kemis wace cuta ta yi yawa, a duba ko makarantar ta buɗe. Wanda ya ba da umarnin hari yana dogara ne da cewa za mu manta kafin sauran mamatan su biyo baya. Idan muka ci gaba da ƙirgawa har ƙarshe, muka kuma faɗi adadin ko da wanda ya jefa namu ne, kwamanda na gaba zai san cewa za a tambaye shi jinin kowa, na ranar farko da na shekara mai zuwa.